Kunyar 'Yar Fari a Gaban Malamar Lissafi

Shekaru sun shafe mini abubuwa da dama, amma akwai wata safiya a makarantar 'ya'yanmu ta nan Salaga, a ƙasar Ghana, wadda na tabbata har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Ranar ce aka kira iyaye su zo su gana da malamai ɗaya bayan ɗaya, a gaya wa kowa halin da ɗansa yake ciki.

Mu jikokin fataken goro ne. Goron ya tafi, doya muke saye da sayarwa yanzu, amma ɗabi'un da kakanninmu suka zo da su suna nan a gidana. Daga cikinsu akwai kunyar ɗan fari: uba ba ya kama sunansa, ba ya yabonsa a gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi. Haka na yi da babban ɗana, haka shi ma ya tashi yana yi da 'yarsa ta fari. Ni kuwa kaka ne, ba abin da ya hana ni. Amaryata nake ce mata, ita kuma ta ce ba ta auren mai furfura.

A shekarar tana ajin ƙarshe kafin jarrabawar shiga sakandare. Makarantar ta shirya ajin musamman na ranar Asabar, na yara kaɗan masu ƙoƙari, kuma an ce ba za a ɗauki yaro ba sai an ji daga bakin ubansa cewa yana bayansa, domin a baya an sha zaɓen yara iyaye su janye su zuwa kasuwa. Tun da asuba yarinyar ta zo ta durƙusa ta roƙe ni in bi su. Na ce ai ubanta ya isa. Ta ce, "Kaka, ka san shi. Ba zai iya magana ba."

Da muka je sai aka ce mutum ɗaya ke shiga da kowane yaro. Ɗana ya shiga da ita, ni kuma na zauna a benci a bakin taga, ina jin komai. Malamar lissafin wata matashiya ce daga kudu, mai kirki da himma, Hausarta irin ta zango ce, wato unguwannin baƙi na garuruwan kudu, amma tana isar da saƙo. Ta fara da tambayarsa sunan 'yarsa. Sai kawai ya nuna ta da haɓa. Ta shiga yabon yarinyar, ta ce ba ta taɓa koyar da mai saurin gane lissafi kamarta ba. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, can ya ce shi bai san abin da take yi ba, in ta yi laifi a hore ta. Ta tambaye shi ko yana so ta ci gaba da karatu. Ya ce wannan ba maganarsa ba ce.

Ni na san wannan amsa ta ɗa mai tarbiyya ce. Malamar kuwa ƙi ta ji a ciki. Muryarta ta sauya, ta ce ta gane, ta sha ganin irin haka, za ta ba wani yaro gurbin. Na leƙa na ga jikata ta juya fuska ga bango, kafaɗunta suna rawa.

Ban nemi izinin kowa ba. Na gyara rigata, na yi sallama na shiga. Na ce, "Malama, ki yi mini afuwa. Wannan da kike gani ɗana ne na fari, kuma tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakina ba. Ko kin ga alamar na yar da shi?"

Ta dube shi, ta dube ni, ta ba ni kujera. Na yi mata bayanin al'adar a natse, sannan na faɗi abin da shi ba zai faɗa ba ko da wuƙa a wuyansa. Na ce fitilar da yarinyar take karatu da ita shi ya sayo a Tamale, ya ba ni ya ce in ce ni na saya. Na ce shi ya hana a ɗora mata tallan soyayyar doya, amma ta bakin uwarta ya aika. Ina magana gumi yana keto masa, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Jikata ta juyo tana kallonsa, domin ita ma ranar ta fara ji.

Malamar ta ce ta yarda da ni, amma doka doka ce, dole ta ji wani abu daga bakinsa. Na yaba mata a zuci da ta sauƙaƙa tambayar. Ba ta ce ko yana son 'yarsa ba, cewa ta yi wa zai riƙa kawo yarinyar kowace Asabar, tunda gidanmu da nisa.

Ɗana bai ɗago ba, ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ai babur ɗina ta nan yake bi. Hanyata ce."

Rumfarsa ta doya tana wancan ƙarshen gari, makarantar ba ta kan hanyarsa ko kaɗan. Malamar ta san haka, domin a wurinsa take sayen doya. Ta danne dariya, ta dube ni ta ce, "To Alhaji, tunda hanyarsa ne, magana ya ƙare." Gurbin ya zama na jikata. Ta ci jarrabawa da kyau, kuma yau tana koyon aikin jinya a Tamale.

Abin da wannan rana ta koya mini shi ne, al'adarmu ba ta da aibi, amma baƙo ba ya karanta shirunmu. Duk gidan da ke riƙe da kunya irin tamu, to ya tabbata yana da tsohon da zai tashi ya buɗe baki a wurin da shiru zai cuci yaro.