Iya Larai, Wadda Ta Zauna da Ni a Bencin Baya

Ranar Talata, 13 ga Mayu, 2025, ina kan layin masu a-daidaita-sahu a Dutse ina jiran fasinja, 'yarki Maimuna ta kira ni. Ta ce, "Yaya Muntaka, Iya ta cika a asibitin Jahun." Na kashe inji na zauna. Ban yi kuka ba. Wata irin gajiya ce ta sauko mini, har yau ba ta sake ni ba.

Iya Larai, ba ke kika haife ni ba, maƙwabtaka ce ta haɗa mu, da 'yar majami'armu ta ƙauye. Wasu za su ba da labarin haihuwar da kika karɓa a gidajen Kirista da na Musulmi ba tare da kin tambayi kowa addininsa ba. Ni abin da ke tsakaninmu zan faɗa, don na gaji da riƙe shi.

Shekara goma sha biyu da suka wuce, da kaka, na cusa wuta a ramin gafiya a bakin gonarki. Iska ta juya. Kafin in ankara, dami arba'in na geronki sun zama toka, abincin shekara guda na mace mai marayu huɗu. Na gudu gida na yi gum. Mutane suka ɗora wa makiyaya, har samari suka fara ɗaukar sanduna. Sai da na ga za a zubar da jini a kan gafiya ɗaya, sannan na je gaban dattawan ikkilisiya na tona kaina.

Suka sa ni horo na wata shida, yadda aka saba. Wanda ke ƙarƙashin horo bencin baya yake zama shi kaɗai, ba ya cin Jibin Ubangiji. Lahadin farko ina zaune kaina a ƙasa, sai na ji benci ya motsa. Ke ce kika baro wurinki a cikin zumuntar mata, kika zauna kusa da ni. Da aka zo da gurasa kika girgiza kai. Bayan sujada dattawa suka ce, "Larai, ba ke aka hora ba." Kika ce, "Na sani. Wanda ya mutu domina ma ba shi ya yi laifin ba, kuma bai jira na roƙe shi ba. In Muntaka ya ci, zan ci."

Kowane mako kina ƙofar fasto kina roƙo a sassauta mini, alhali a gidanki kwaɗon rama ake ci a kwanta. A wata na huɗu suka gaji da ke suka ɗage horon. Na sha jin wa'azi cewa Almasihu ya ɗauki hukuncin da ya cancance mu, yana kuma roƙo dominmu a gaban Uba. Ban gane ba sai a bencin nan.

Amma ga abin kunyar. Na roƙi Allah gafara, na roƙi dattawa, ke ce ban taɓa buɗe baki na ce ki yafe mini ba. Duk Kirsimeti sai in kawo miki turmin zane da sabulu, in tsuguna, bakina ya yi nauyi. Ki yi dariya ki ce, "Sarkin farauta, akwai magana ne?" In ce, "Babu, Iya." In ce a raina sai baɗi.

A bakin kabarinki fasto ya yi abin da ake yi wa kowane mamaci. Ya ce duk wanda marigayiya ta saɓa wa, ya yafe mata. Jama'a suka amsa, "Mun yafe." Ni kaɗai na kasa. Me zan yafe miki? Na san gafarar Allah ba ta rataya a kan bakina ba, na san kin daɗe da yafewa. Duk da haka hakkinki ne ki ji kalmar, na kuwa hana ki.

Ubangiji mai jinƙai, wanda ya fanshe mu da jinin Ɗansa, ya karɓe ki cikin hutunsa, ya shafe kurakuranki, ya ji tausayin mu da muka rage. Ina yi wa ƙaninki Malam Habibullahi da iyalinsa ta'aziyya, su da suka bar sana'arsu suka haƙa kabarin tare da mu. Allah ya ba zumuntar mata haƙuri.

Maimuna, ke da ƙannenki uku, Allah ya ƙarfafa ku. Ku ne kuka kwana da yunwar waccan shekarar, ba ku taɓa nuna mini a fuska ba. Mahaifiyarku ta wuce ban faɗa mata ba, don haka ku nake faɗa wa a gaban kowa: ni na ƙone muku abinci. Don Allah ku yafe mini.