Motocin da Mannir Ya Ƙi Sa wa a Shafin Malumfashi

Mannir bakaniken babura ne a bakin tashar Malumfashi, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda taurin kansa ya isa a raba wa mutum uku. Tare muke aikin sa-kai a wani shafin intanet da 'yan yankinmu suka buɗe, inda ake jera sunaye da lambobin masu sana'a: dillalan hatsi, masu hayar tarakta, masu motocin ɗaukar amfanin gona. Kowa na iya turo bayanin sana'arsa, amma ba ya fitowa sai mai tantancewa ya amince. Ni ke riƙe da ɓangaren Funtua, shi kuma Malumfashi da Kafur da Dayi. Ko kuɗin data ba a ba mu.

Ni in aka turo, waya nake bugawa in ji murya, shi ke nan. Mannir kuwa sai ya rufe shago, ya hau babur ya je ya ga mutum ido da ido, ya tambayi mai unguwa ɗan gidan wane ne. Na sha yi masa tsiya cewa aikin nan nasa ya fi kama da binciken aure. Ba ya ko murmushi. Yana da dalili, don a shekarun nan da 'yan bindiga suka hana mu sakat, ba kowace mota ake kira gona ba. Wanda ya ɗauki masararka ya san hanyar gonarka, ya san abin da ka samu, ya san ranar da za ka dawo daga kasuwa. Manomi kuwa ba ya karanta dogon bayani. Sunan Mannir yake gani a saman shafi, ya buga lamba hankalinsa kwance.

Ana tsakar kakar masara wani Alhaji Rabe ya turo bayanin kamfanin sufurinsa, wai motocinsa na shiga har cikin gona, kuma a kan araha. Mannir ya bi adireshin ya tarar da wani kango da motoci a ciki, ga wani direba zaune yana shan rake. Ya gane shi. Mutumin da aka taɓa kora ne daga wani ƙauyen Kafur saboda kai wa 'yan daji labari. Mannir ya dawo ya ƙi amincewa. Suka canza sunan kamfani suka sake turowa, ya sake ƙi. Sai Alhaji Rabe ya zo da kansa, cikin farar shadda da ƙamshin turare.

"Malam Mannir, ɗan dannawa ne fa kawai."

"Alhaji, ka yi haƙuri. Kawo mini mai unguwa ɗaya da zai tsaya maka, yau ɗin nan in sa ka."

Alhaji ya yi dariya, ya ce Allah ya ba mu alheri, ya shiga mota.

Ranar kasuwa na kawo babur ɗina gyara, ina zaune a benci, sai ga ƙauraye, 'yan daba, a kan babura da gorori da adduna, tsakar rana, ko fuska ba su rufe ba. Babu sallama. Na gaba ya sauke wa Mannir gora a ƙeya, ya kife kan injin da yake kwancewa. Na miƙe ina ihu, wani ya ba ni ƙotar adda a ido, na ji duniya ta juya. Suka ja Mannir a ƙasa har bakin titi suna tattaka shi, jini na fita ta hanci da kunne, suna cewa ya fito da waya ya danna wa Alhaji Rabe.

Ya fito da ita. Wallahi na ɗauka ya sallama. Sai ya ɗora ta a kan dutse, ya rarumi wata guduma da ke yashe a gefensa ya murƙushe ta.

Da gudumar nan suka rama. Biyu suka danne shi, ɗaya ya shimfiɗa hannunsa na dama a kan dutsen, aka bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Har yau ina jin ƙarar a kunnena. Abin da ya fi ƙona mini rai, tasha cike take da maza, kowa ya tsaya yana kallo kamar ana wasan dambe, sai da 'yan acaɓa suka taso da duwatsu sannan suka gudu. Hannun nan bai ƙara riƙe sifana ba.

Aka kwantar da mu a asibiti a Funtua, gado kusa da gado, ni ido a kumbure, wayata kuma ta tafi da ƙaurayen. Sauran masu tantancewa na shafin, waɗanda aiki ya kai Kaduna da Abuja, suka ji an yi wa Mannir duka, amma ba su san dalili ba. Babbanmu Malam Ummaru, mutumin kirki har ya yi yawa, ya ce ai a gida in mutum ya kwanta ciwo da kaka, gayya ake yi masa a gona. Suka haɗu suka yi wa Mannir gayya. Duk buƙatun da suka taru a ɓangarensa suka amince da su a yini guda, don kada ya tashi ya tarar da aiki. A ciki har da na Alhaji Rabe, a ƙarƙashin wani sabon suna kuma.

Kafin labari ya zo mana mu sa a cire sunan, wani manomi a Dayi mai suna Mati ya kira lambar. Aka loda masararsa, ya shiga gaba kusa da direba, mota ta saki hanyar Funtua ta yi daji. Bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a bakin rafi, hannaye ɗaure ta baya.

Muna nan kwance wata tsohuwa ta shigo ɗakin, tana bin gadaje tana duba fuskoki. Hansai ce, mahaifiyar Mati.

"Kai ne Mannir?"

"Ni ne, Inna."

"Na zo in ga fuskarka ne kawai. Na ce wa yaron nan ya tambayi mai unguwa kafin ya kira mota, ya ce ba sai ya tambaya ba, ai Mannir ya riga ya tambaya."

Raina ya tashi. Na yunƙura zan gaya mata abin da aka yi wa bawan Allahn nan saboda ɗanta da irinsa, sai Mannir ya girgiza mini kai. Ya ɗaga hannun da aka naɗe kamar zai nuna mata, ya tsaya, sannan ya mayar da shi ƙarƙashin bargo.

"Allah ya jiƙansa, Inna," ya ce.

Ta ce amin, ta gyara mayafinta ta fita.