Na Shafe Hannun Kakana da Fenti

Ina da shekara ashirin da uku lokacin da abin da zan faɗa ya faru. Ina zaune a gidanmu na gado a unguwar Madabo, ina shekarar ƙarshe ta koyon zane a wata makaranta da ba sai na ambaci sunanta ba. Ni ba mai zurfin karatu ba ne, da ƙyar na gama sakandare, amma hannuna yana da tsabta kuma ina son komai a kan tsari. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, baffana ne ya riƙe ni. Gidanmu gidan magina ne, masu ginin ƙasa, kuma ni ne na farko da ya ƙi taka laka ya ɗauki burushi. Na rubuto wa wannan mujalla ne don in kawo kurakuraina ɗaya bayan ɗaya yadda suka auku, ba zan rage wa kaina komai ba.

Fentin da muka fi aiki da shi a makaranta shi ne akirilik. Da ruwa ake dama shi, yana bushewa da sauri, kuma idan ya bushe sai ya zama kamar siririyar fatar roba da ruwa ba ya ratsawa. Na iya sarrafa shi fiye da yawancin 'yan ajinmu. Duk hoton da na gani a waya zan iya ɗora shi a kan ƙyalle ba ka bambance su. Wata rana malaminmu ya ɗaga aikina a gaban aji, ina jiran yabo, sai ya ce wannan ba zane ba ne, hoton waya ne aka yi wa wanka. Ya ce idan aka goge sunana babu mai cewa ni na yi, don babu hannuna a ciki. Tun daga ranar 'yan aji suka laƙaba mini Malam Fotokwafi. Bayan an tashi ya tambaye ni unguwarmu da sana'ar gidanmu. Da na gaya masa sai ya girgiza kai, ya ce in daina leƙa waya, kullum ina ratsawa ta cikin abin da nake nema safe da yamma.

Zaurenmu yake nufi. Bangonsa na gabas kakana ne ya yi masa ado da hannunsa tun kafin a haifi mahaifina. Da yatsu ya fitar da zanen a jikin ɗanyen yaɓe: dagi a tsakiya, zobba a kewaye, da wasu layuka masu lanƙwasa da ban taɓa ganin irinsu a wani gida ba. Sauran gidajen da ya yi wa aiki duk an rushe su an sa bulo. Wannan bango kaɗai ya rage. Kakata, wadda muke kira Hajiya, idonta ya yi rauni sosai, amma kullum da hantsi sai ta dogara sanda ta fito zaure, ta sa yatsunta a cikin layukan tana bi. Takan ce akwai wurin da babban yatsansa ya zame, a nan take gaishe shi. Na shafe wata uku ina zama gaban bangon ina ɗaukar zanen a kan ƙyalle, ina canza launi, ina ƙara nawa. Malam ya ga aikin ya ce yanzu na fara magana da bakina. 'Yan aji suka daina tsokana.

Kuskurena na farko shi ne da na ga ƙyalle ya yi mini kaɗan. Aikin kammala karatu ya gabato, sai na ƙudura cewa bangon kansa zan yi wa fenti. Na je wa Baffa da maganar yana gyaran gemunsa da matsefi a tsakar gida. Bai ko ɗago ba. Ya ce ƙasa numfashi take yi, tana shan laima da damina ta fitar da ita da rani, kuma ba a rufe mata hanci. Ya ce farar ƙasa da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa da ake shafe bango da shi, su kawai bangon nan ya sani, in kai robata can jikin bulo. Na ce masa an ci gaba, fentin zai kare bangon ne daga ruwa. Ya ce da ni ɗan boko, ruwan da zan tare ta gaba, wa zai tare mini shi ta ƙasa. A raina na ɗauka tsufa ne da ƙin sabon abu.

Kuskure na biyu ƙarya ce. Da bazara aka kira Baffa wani aikin gyara a wani gari, aka ce zai yi wata uku ko fiye. Kwana biyu da tafiyarsa na shigo da kwanonin fenti. Hajiya ta ji ƙamshin ta fito, ta tambaye ni ko baffana ya sani. Na ce ya sani, har ya sa albarka. Ta ce to, tunda mai gidan ya yarda, Allah ya taimaka. Na bi aikin daki-daki yadda aka koya mini. Na share ƙura, na shafa farin shimfiɗa sau biyu, na bi dagin da shuɗi, zobban da ja da ruwan ɗorawa, na rufe da man ƙyalli har shafi uku don kada iska ma ta taɓa shi. Kwana goma sha ɗaya na yi. Gaskiya ya yi kyau. Maƙwabta suka riƙa shigowa suna ɗaukar hoto, malam ya zo da kansa ya duba ya ba ni maki mafi yawa a aji. Shi ya koyi fenti ne a kan ƙyalle da allo, ban kuma gaya masa gargaɗin Baffa ba. Hajiya kaɗai ce ba ta yaba ba. Ta sa yatsunta ta bi layukan, ta ce santsi ya yi yawa, kamar tana shafa farantin roba, amma dai har yanzu tana jin hannun kakana a ƙarƙashi.

Ruwa ya sauka sosai a daminar nan. Bayan ruwa na huɗu ko na biyar, wata safiya na sunkuya ɗaukar takalmina sai na ga wani ɗan kumburi a gindin bangon, kamar bororon ƙuna. Na danna shi da yatsa, na ji taushi. A nan na yi kuskure na uku, wanda ya fi sauran muni: na ɓoye. Na ɗauko allura na huda shi, ruwa mai launin ƙasa ya tsiyayo. Na matse, na liƙe da gam, na shafa fenti a kai, na jawo benci na tare wurin. Bayan kwana uku kumburin ya zama biyar. Bayan mako guda sun haura sama da bencin, sai na jingina tabarma a tsaye na ce wa mutanen gida ta jiƙe ne nake shanya ta. Kullum da na idar da sallar asuba sai in tsaya gaban bangon da allura da gam, in bi su da ƙirge. Baffa ya bugo waya sau biyu yana tambayar lafiyar gida da indararon zaure, na ce masa komai lafiya. Abinci ya daina shiga mini. Abin da na fi tsoro shi ne hantsi, lokacin da zan ji ƙarar sandar Hajiya. Na riƙa riƙe mata hannu ina kai shi sama, wajen da bai lalace ba, tana yi mini addu'a wai na zama mai ladabi.

Baffa ya dawo ranar wata Laraba da la'asar, ba tare da ya sanar ba. Ina zaure ina riƙe da allura ya yi sallama. Ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa a kafaɗa, ya daɗe yana kallon bangon. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ajiye jaka, ya janye tabarma, ya ture benci da ƙafa. Ya ɗora tafinsa a ƙasan dagin ya ɗan danna, sai na ga bangon ya lotsa kamar tuwo. Ya tambaye ni yaushe na fara ganin kumburi. Na ce kwana arba'in da ɗaya, don ina ƙirgawa. Ya maimaita adadin a hankali. Ya ce da na faɗa a ranar farko, da ya sa an tsattsaga fentin an ɗaye shi tun ƙasar saman tana da ƙarfi, da an tsira da fiye da rabi. Ya ce yanzu ko an bari ko an cire, duk ɗaya ne, amma idan aka bari laimar za ta kai ga azara, rufin ya sauko a kan mutane. Sannan ya ce tunda ni na sa, ni zan cire.

Na kama bakin fentin daga ƙasa na ja. Ya taso kamar ana feɗe fata, kuma bai taso shi kaɗai ba. Duk layin da kakana ya ja da yatsa ya biyo shi, yana ruɓuɓɓushewa yana zubowa a ƙafafuna. Ina ja ina kuka, Baffa yana tsaye yana cewa in ci gaba. Muna cikin haka na ji sandar. Hajiya ta ji motsi ta fito. Baffa ya ce mata ta koma ciki, ta ce a gidan mijinta ba mai mayar da ita. Ta miƙa hannu wajen da ta saba, ta laluba sama, ta laluba ƙasa, sai danshin laka kawai. Ta juyo wajen Baffa ta tambaye shi me ya sa ya yarda tun farko. Baffa ya kalle ni. Zai iya rufa mini asiri, na ga yana shirin yin haka, amma na riga shi. Na ce Baffa ya hana ni, ƙarya na yi mata. Sai ta ce ashe shi ya sa nake riƙe mata hannu. Ta goge yatsunta da mayafi ta koma ciki.

Abin da ya tsira bai wuce faɗin tafin hannu biyu ba, can sama kusa da azara, inda tsanina bai kai sosai ba, fentin bai yi kauri ba. Baffa ya bar bangon a buɗe har ya bushe bayan damina. Daga nan ya sa ni taka laka da ƙafata har tsawon mako uku, abin da na guje wa tun ina yaro. Da muka zo yaɓe na kawo masa ƙyallayena na ce ga zanen nan duka, za mu iya mayar da shi yadda yake. Ya ce a'a, shi ba zai yi wa mahaifinsa fotokwafi ba. Muka shafe bangon sumul, muka bar guntun nan a sama shi kaɗai. Hannun Hajiya ba ya kaiwa wurin. Ta yafe mini, ta faɗa da bakinta, amma ba ta sake fitowa zaure da hantsi ba har Allah ya karɓi ranta.

Yau da zane nake ci, kuma mutane suna cewa da sun ga aikina suke gane hannuna ne. Ba na jin daɗin wannan yabo yadda suke zato, don na san inda na samo hannun da abin da na ɓata kafin in same shi. Ga abin da zan gaya wa masu koyon wannan sana'a. Na ɗaya, ku san abin da za ku shafa wa fenti kafin ku san fentin, kuma idan wanda ya shekara arba'in yana taɓa ƙasa ya ce kada ku yi, ku saurara ko bai taɓa shiga aji ba. Na biyu, ku ɗauki abin gidanku da ido, ku kai shi kan ƙyalle, ku bar na asalin a inda yake. Na uku, idan kun ga kumburin farko ku faɗa a ranar. Fentin kwana goma sha ɗaya na yi ina shafawa, amma kwana arba'in da ɗaya da na yi da allura a hannu su ne suka cinye bangon. Har yanzu a gidan nake. Kullum in zan fita sai na ɗaga kai na ga guntun nan, da ɗan shuɗin fentina maƙale a gefensa.