Babbar Rigar Aro

An ce kayan aro ba ya rufe katara. Nawa dai ya rufe, har ya sauka ya rufe idon sawu, kuma a cikinsa na yi hunturuna na farko a New York. Tsakiyar shekarun saba'in ne, aka turo ni koyon aikin awon jini da kuɗin tallafin da gwamnatin Amurka ke ba ƙasashe irin tamu.

Shan inna ta taɓa ƙafata ta hagu tun ina goye. Da na tasa aka yi mini takalmin ƙarfe, ƙarafa biyu daga diddige zuwa cinya, da maɗaurai na fata, da mahaɗi a gwiwa. In na ɗaura shi ina tafiya ba sanda, sai dai ɗingishi, wanda ni ban ɗauke shi a bakin komai ba sai ranar da wasu suka ɗauka.

Mai rigar abokina ne. Ajinmu ɗaya, lalurarmu ɗaya, sai dai tasa a dama take, kuma ya fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Shekara guda kafin ni ya je intabiyun wannan tallafi, ya shiga da sandarsa yana dogarawa. Shugaban masu zaɓen, namu ne na gida, dattijo mai fara'a, ya sa aka ba shi kujera, ya yaba takardunsa, sannan ya kwantar da murya.

"Malam, mutanen nan kuɗinsu suka zuba. Kai ma ka sani ba a layya da gurgun rago, kuma ba a miƙa wa baƙo abu mai aibi. Ka yi haƙuri."

Abokina bai haƙura ba. Ya sa tela ya ɗinka masa babbar riga shuɗiya mai jan ƙasa da wando buje mai faɗi, da niyyar ya sake gwadawa. Daga baya ya tuna sun riga sun san fuskarsa. Sai ya kawo mini, ya ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ya kuma koya mini yadda ake sa ta. Ka riga kowa zuwa ka zauna. Ka bari kowa ya fita kafin ka tashi. In tafiya ta kama dole, ka yi ta a hankali irin ta 'ya'yan sarauta, kana yi kana naɗe hannun rigar bisa kafaɗa, don ido ya bi hannu ya bar ƙafa. Na bi darasin nan tiryan-tiryan, aka zaɓe ni.

A unguwar Highbridge na sauka, gidan wani mutumin Nijar da ke tuƙa mota a ofishin jakadancinsu, da matarsa Hajiya. Hawa na huɗu suke, ba lifta. Wanda ya shata unguwar nan kuwa, Allah ya yafe masa, bai taɓa ganin gurgu ba. Tudu ne a kan tudu, wasu titunan ma ba tituna ba ne, matakala ce zalla aka raɗa mata suna. Ka gama da wannan ka isa tasha, sai ka tarar jirgin ƙasan ta saman gada yake bi, sai an sake hawa.

A makaranta kuwa rigar ta yi aikin da ya wuce wanda aka ɗauke ta. Ganin yadda nake taku ɗai-ɗai, 'yan ajinmu suka yanke hukunci cewa ni ɗan sarki ne. Ana buɗe mini ƙofa. Wata ta tambaye ni raƙuman babana nawa, na ce ba a ƙirga su a gaban mutane. Babana kuwa ko akuya bai taɓa ɗaurewa ba, ɗinkin hula yake yi. A ɗakin awo nakan tuɓe rigar in ɗora farar kwat a kan bujen, in haye doguwar kujera, ba na sauka sai an tashi.

Hajiya ce ta fara gano ni, kwana biyu da zuwana. Sanyi ya shiga mahaɗin gwiwar ya fara kuka, ƙiiƙ, ƙiiƙ, duk taku. Ta tare ni a bakin kicin.

"Ɗana, mi ke kuka cikin wandonka?"

Na ga ba mafita, na gaya mata komai. Na ce in ofishin tallafi ya ji, jirgi na gaba za a sa ni. Ta ce da ɗan Faransancinsu, "Bon. Asirinka asirinmu ne." Ta shiga ta ɗauko kwalbar man gyaɗa da gashin kaza. Tun daga ranar kullum da safe sai ta ɗiga wa gwiwata mai kafin in fita. Kukan yakan lafa zuwa azahar, amma ni ina tafe ina ƙamshin ƙuli-ƙuli, har mutane a jirgi su riƙa waige-waige suna neman mai tuya.

Dariya ake yi yanzu, amma a lokacin na sha wuya. Da dusar ƙanƙara ta sauka, matakalar nan ta zama santsi, sai in riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu, rigar tana shan ruwa tana ƙara nauyi. Maɗaurin sama ya ci mini cinya har ya yi gyambo, kuma ba halin zuwa asibiti, don da katin ofishin ake zuwa. Ajin safe ya riƙa wuce ni. Wata rana na zauna a tsakiyar matakala na yi kuka sosai, ba don zafin ba, don tunanin in koma gida hannu rabbana in kalli abokina.

Makaranta ta kai ƙarar lattina. Jami'ar da ke kula da mu a ofishin tallafi, wata baƙar Ba'amurkiya mai furfura da muke kira Madam, ta bugo waya ta ce za ta zo ranar Asabar ta ga yadda nake zaune.

Aka yi shawara a gida. Maigidan ya ce a ce ba ni da lafiya, Hajiya ta ce wannan ai kiran likita ne. Ita ta tsara komai. Za a shimfiɗa darduma a tsakiyar falo, a zaunar da ni a baza rigar ta rufe ko'ina, kuma ba zan motsa ba har baƙuwa ta tafi. Sauran a bar mata.

Madam ta iso tana haki. Ta ga takalma jere a bakin ƙofa, ita ma ta tuɓe nata. Maigida ya miƙe, Hajiya ta miƙe, ni ina zaune daram kamar an dasa ni. Hajiya ba ta jin Ingilishi sosai, don haka ni ne tafinta, wato ni zan fassara ƙaryar da ake yi domina.

"Hwaɗa mata, a al'adarmu mai neman ilimi ba shi tashi ma kowa, ko sarki ne."

Na faɗa. Madam ta ce al'ada ce mai kyau.

"Hwaɗa mata kuma, ba shi raka baƙo ƙofa, albarkar karatu zubewa takai."

Na faɗa. Aka kawo shinkafa da miyar taushe, Madam ta zauna a ƙasa tare da mu ta ci da hannu, ta yaba. Hajiya ta ga kasuwa ta buɗe, ta ƙara da cewa latti ma a wurinmu alamar natsuwa ce. Wannan kam ban fassara ba.

Da aka kwashe kwanuka Madam ta goge hannu, ta dube ni, ta yi magana kamar mai tambayar hanya.

"Man girki kake sa wa mahaɗin nan, ko? Daina. Yana daskarewa da sanyi, ya tara ƙura. Man keken ɗinki ake sawa."

Na janyo bakin rigar na ƙara rufe ƙafar. Hajiya ta ce, "Mi ta ce?" Na ce ta dakata tukuna.

Madam ta ce ƙaninta ya sa irin wannan takalmi tun yana yaro, ita ce mai ɗiga masa mai. Ta ce tun ranar da ta tarye ni a filin jirgi ta ga irin takuna ta gane. Ba ta yi magana ba ne don ƙafar tawa ce, in ban kawo zancen ba ba hurumin ofishinta ba ne, amma yanzu abin ya fara cin karatuna.

Na tattaro sauran ƙarfin halina na ce, "Yaushe za a mayar da ni?"

"A mayar da kai ina?"

Nan na kwashe labarin abokina da ragon layya na gaya mata. Ta sa na maimaita. Fara'ar ta bar fuskarta. Ta ce a ƙasar nan an yi doka, duk inda kuɗin gwamnati ya shiga ba a ware mutum saboda nakasa, ko da yake har yanzu masu lalurar suna ta fama a kan a yi aiki da ita yadda ya kamata. Ta ce, "Mu ɗalibai muka ce a aiko mana. Ba mu taɓa cewa a duba ƙafar kowa ba."

Da na juya wa Hajiya wannan, sai ta tafa hannu ta yi salati, ta ce ashe duk man gyaɗarta a banza ya tafi. Ta dube ni ta ce, "To tashi ka raka baƙuwa, marar kunya." Na tashi, ƙiiƙ, na raka Madam har bakin matakala, ina ɗingishina a fili. Rabona da in yi tafiya irin tawa a gaban baƙo tun ina gida.

Ba a jima ba aka samo mini ɗaki a hawan ƙasa a unguwar Parkchester, aka yi mini sabon takalmi marar nauyi, aka yi maganin gyambon. Na sayi wando da kwat irin na kowa. 'Yan ajinmu suka ga ɗan sarki ya koma talaka dare ɗaya, wadda ta yi tambayar raƙuma ta yi mako ba ta gaishe ni ba. Duk Juma'a nakan koma Highbridge cin tuwo, in hau benen nan ina tsayawa ina hutawa ba tare da na waiga ba. Madam ta ce ta aika wa namu na gida bayanin dokar, har sau biyu.

Da na gama na koma, washegari na wanke rigar na goge na nufi wurin abokina. Na same shi yana koyar da lissafi a wata firamare, sandarsa jingine da allo. Tun a jirgi nake juya yadda zan gaya masa, don na san shekarunsa sun riga sun wuce na tallafin. Muka zauna a gindin darbejiya na faɗa masa duka, har da man keken ɗinki. Ya yi dariyar raƙuma har da hawaye. Da na zo kan maganar Madam, cewa ba wanda ya taɓa neman a cire shi, sai ya shiga zane a ƙasa da bakin sandar. Ni kuma kunya ta rufe ni, kamar ni na cire shi.

Can ya miƙo hannu ya karɓi rigar, ya warware ta, ya duba bakinta inda ƙanƙara ta cinye.

Na ce, "Ai sai a ajiye ta don tarihi."

Ya ce, "Wane tarihi? Akwai wani tsohon ɗalibina da zai shiga intabiyu wata mai zuwa. Su na can sun sani, namu na nan ba su sani ba tukuna." Ya ninke ta ya sa a hammata. "Sai dai a rage mata tsawo, bai kai ka ba."