Bututun Huda Ciyawa a Shingen Mahuta

Kakuri

Gari bai waye ba na bar gida, a shekarar da soja suka dawo mulki. Ni ke kula da ɗan filin wasan golf na ma'aikatan wata masana'anta a Kudenda. Ƙasar da ke kewaye da ramukan ƙwallo ta taurare, ciyawa tana mutuwa, sai an huhhuda ta ta sha iska. Manaja ya aike ni Jos aron ƙarafan hudawa. Baba Bitrus, direban kamfani, ya ɗauke ni a akori-kura, muka bi ta Kaciya.

Jos

Wani mai kula da filin golf ya ba mu akwati cike da gajerun bututun ƙarfe, kaurin ɗan yatsa. Muka kwana gidan ƙanen Baba Bitrus a Bukuru, muka sha gwate.

Mahuta

Washegari da la'asar, dab da gida, soja suka tare mu kusa da matatar mai. Wani kofur ya buɗe akwatin, ya ja da baya.

"Harsashi kuke haɗawa? Ku durƙusa!"

Muka zube. Ya ɗora bakin bindiga a ƙeyar Baba Bitrus. Tsohon ya fara addu'a da yarensu.

"Oga, na huda ciyawa ne," na ce.

"Wane mahaukaci ke huda ciyawa? Wannan tulin bututu ai gona guda zai cinye."

Na roƙa ya bar ni in nuna. Na zana murabba'i a gefen titi, taku ɗaya kowane gefe. Na riƙa buga bututu da dutse, jeri-jeri, ina zaro ƙasar da ta shige cikinsa. Na tara guntayen ƙasar a tsaye a lungu guda.

"Oga, duba. Faɗin duk ramukan ke nan in an haɗa, bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Shi ya sa ake buƙatarsu da yawa."

Ya daɗe yana kallo, bindigar ba ta motsa ba. Sajan ɗinsu ya zo, ya leƙa cikin bututu, ya hura.

"Ku tashi ku ba mu wuri."

Kakuri

Baba Bitrus ya kai ni har ƙofar gidana. Da ya sauko, ya zauna a ƙasa jikin motar. Matata ta kawo ruwa, ta riƙe masa kofin har ya shanye. Mun gode Allah da ya maido mu gida da ranmu.