Layin da Yaya Hamidu ya ja a tsakar gida

Shekara bakwai ke nan da Allah ya karɓi ran yayana Hamidu, mai sayar da nama a kasuwar Adjamé. Duk shekarar da aka yi gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya nakan tuna shi fiye da kullum. Bana da aka yi ta, na zauna gaban telebijin a gidansa na Belleville, kujerarsa na gefena babu kowa a kai.

Yaya Hamidu ba ya kallon ƙwallo. Ya ce mutum ashirin da biyu suna ɓoye laifin junansu, amma mai tsalle shi kaɗai ne da ƙafarsa. Dogon tsalle ya fi so. In lokacin gasar ya zo, yakan rufe teburin nama tun azahar, ya hau gbaka, ƙaramar motar haya, ya dawo gida, masu saye su yi ta neman sa. Kuma yana da wani hali da ya samo daga sana'a: ba ya yarda da lamba sai ya ga abin da idonsa. Yakan ce wanda ya yi shekaru yana riƙe sikeli ya san baki ya fi nama sauƙin ƙarawa.

Wata rana mai sharhi ya ce tsallen da ya fi kowane nisa a duniya ya kusa mita tara, kuma an daɗe ba wanda ya kai shi. Yaya ya ce ƙarya ce, ɗan Adam ba barewa ba ne. Muka yi ta gardama, ni ina cewa ai ba za su faɗa wa duniya ƙarya ba. Washegari sai ga shi da sandar awo da ya aro wurin wata mai sayar da atamfa kusa da rumfarsa. Ya fara daga bakin ƙofar gida, ina danne masa ƙarshen sandar yana ɗagawa, har muka tsaya dab da katangar maƙwabta. Ya juya ya dubi ƙofar. Sannan ya ce, “Ikon Allah. Idi, mutum ya tashi daga can ya sauka nan?” Ya ɗauko tsohuwar wuƙarsa ya kankare layi a simintin.

Daga ranar, baƙo ba ya shiga gidan ya fita bai ga layin ba. Yakan tsayar da mutum a ƙofa, shi ya je ya tsaya a kan layin, ya ce a duba. In an kammala gasa yakan auna tsallen wanda ya ci, ya ajiye dutse a wurin, ya girgiza kai ya ce yaran yanzu ba sa cin tuwo. Ya tabbata zai ga ranar da za a wuce layin nan. Bai gani ba. Har yau da nake rubutun nan ba a wuce ba, kuma na san da yana nan da ya ce ai ya faɗa mana yaran yanzu ba sa cin tuwo.

Bayan rasuwarsa simintin tsakar gidan ya tsattsage. Da damina ruwa yakan kwanta, gansakuka ta fito, har matarsa Rabi ta zame ta ji ciwo a gwiwa. 'Yarsu Mariyama, wadda ke koyarwa a makaranta, ta kawo magini don a zuba sabon siminti. Rabi ta ce ba mai taɓa wurin muddin tana da rai. An yi damina biyu ana wannan, tana tafiya tana dafa bango, muna jin tsoron faɗuwa ta biyu.

Bana, bayan mun kalli dogon tsalle, Mariyama ta ɗauko abin awon da maginin ya bari ta ce bari ta yi abin da babanta ke yi. Ta auna, ta sake aunawa, sannan ta kira ni gefe. Ashe sandar masu atamfa yadi take aunawa, ba mita ba, kuma yadi bai kai mita ba. Layin ya gaza da kusan taku guda. Ainihin wurin yana bayan katanga, cikin kicin ɗin maƙwabciyarmu.

Mariyama, wadda ke kira na baffa da Faransanci, ta ce, “Tonton, ka faɗa mata. In ta san layin kuskure ne, za ta bari a gyara.” Ni kuwa na ji nauyi, don ban san ko maganar za ta sake ta ko za ta karya mata zuciya ba. Na yi kwanaki ina juya ta, sannan na sami Rabi tana tsince shinkafa, na gaya mata a hankali.

Ta ajiye tiren ta yi dariya har ta share hawaye. Ta ce wato duk fariyar nan da sandar mata aka yi ta. Da ta nutsu sai ta ce, “Idi, ni ban san mai tsallen ba. Hamidu na sani, kuma nan yake tsayawa. Ku kira maginin, amma ni zan ja layin.”

Haka aka yi. Aka zuba siminti, kafin ya bushe Mariyama ta riƙe hannunta, ta sunkuya ta ja layi a daidai inda yake a da, ba inda awo ya nuna ba. Yanzu ruwa yana gudu zuwa kwata, Rabi tana ratsa tsakar gidanta ba ta dafa komai.

Na yi ta tunanin abin da Yaya zai ce da ya ji labarin yadin nan. Ba na jin zai ji kunya. Zai zagi sandar, ya yi wa maƙwabciya sallama, ya roƙe ta ta matsar da tukwanenta, ya tsaya a kicin ɗinta yana kiran mu mu zo mu gani. Abin da ya bar mana ke nan: mutum ne da bai gaji da mamakin abin da Allah ya sa a jikin ɗan Adam ba. Ya tafi yana mamakin tsallen da ya auna, alhali na gaskiyar ma ya fi haka nisa. Allah ya jiƙan Yaya Hamidu, ya sa ya huta.