Kwanon da Bai Fita Ba

Ranar Laraba ce, da kaka. Na tashi da asuba na dama koko. Maigidana ya zuba wa shanun huɗarsa biyu harawa, ya tsaya yana sosa musu wuya. Na ce ko in kai masa tabarma turken ne ya tare can. Ya yi dariya. Malam nake ce masa. Tun da aka kai ni gidansa ban taɓa kama sunansa ba, haka uwata ta koya mini.

A ƙauyenmu, can ƙasar Gwiwa, maza ciyayya suke yi. Bayan magariba kowane magidanci ya fito da kwanon gidansa ƙofar masallaci, a haɗu a ci. Kwanon Malam ake fara buɗewa. Ba yabon kai ba, ni ke tuƙa tuwon.

An idar da azahar ke nan, ina wanke kwanon, muka ji ƙarar babura. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Sai harbi daga wajen rijiya. Kaji suka watse.

"Kowa ya kwanta!"

'Yan bindiga biyu suka faɗo mana gida. Ɗaya ya ɗora wa Malam bindiga a ƙeya.

"Kwance su!"

Da hannunsa ya kwance shanunsa. Da hannunsa ya miƙa igiyar. Ina gani ta kafar danga. Na saɓa autata a baya, na ja yayarta, muka faɗa cikin dawa.

La'asar ta same mu kwance a kunyar gona, hayaƙin rumbunmu yana bi ta kanmu. Ƙaurin gero ne, na san shi. Gab da magariba harbi ya tsaya. Malam ya same mu, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Sai lokacin na lura kwanon yana hannuna.

Da safe aka binne mutum shida. Da hantsi muka kama hanya a ƙasa. Mun fito titin Roni rana ta take, wani mai motar itace ya kwashe mu zuwa Kazaure, gidan wana, Yaya Sale, tela ne. Duk wanda ya ga Malam sai ya ce, "Ka auna arziki."

Yaya ya ba mu ɗaki. Unguwarsu ma ana ciyayya. Ranar farko Malam ya fita hannu rabbana, ya zauna a gefen tabarma. Wani dattijo ya tura masa kwano ya ce, "Ci, bawan Allah, ku ne abin tausayi." Da zuciya ɗaya ya faɗa. Malam bai sake fita ciyayya ba.

Ya nemi aiki. Ya yi dako a kasuwa, ciwon baya ya hana. Gona tana can, hanyar zuwa ce babu. Ya daina cin abinci sai loma biyu. Mutanen gida suka ce kunyar surukai ce, wane namiji zai sake ya ci a gidan wan matarsa? Har yaba masa ake yi. Malam akwai kawaici, Malam akwai kunya. Mutum yana ƙarewa a gabansu, suna sa masa albarka.

Ni na san ba kunya ba ce. Ba ya barci. Ba ya amsa wa 'ya'yansa. Na ce wa Yaya a kai shi asibiti. Ya ce namiji ne, zai shanye, kada in ja a ce mijina ya taɓu. Aka kawo rubutu. Ya sha, ya yi godiya.

Ruwan farko ya sauka wata Alhamis da yamma. Ƙasa ta yi ƙamshi. Malam ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe. A irin lokacin ne yakan fito da garma. Washegari bayan asuba ya fita. Da hantsi aka same shi a bayan duwatsu. Ba zan faɗi yadda aka same shi ba. Shi ya kashe kansa.

Liman ya ce wani ya ja sallar jana'izar. Sahu bai cika ba. Matan unguwa suka kewaye ni, wai in an tambaya in ce hawan jini ne, saboda yara. Na ce ba zan faɗa ba. Hukuncinsa yana wurin Allah, ban ja da wannan ba. Amma ba zan rufa wa waɗanda suka ƙone rumbunsa asiri da ƙarya ba, ba kuma zan rufa wa masu yabon kunyarsa ba. Har yau ina jin haushinsu, kuma ban ɓoye ba.

Ranar sadakar uku na tuƙa tuwo da kaina. Na cika kwanon nan, na aika ƙofar masallaci, na ce a faɗa musu daga gidan wa ya fito. Ya dawo ba a buɗe ba. Ni da yarana muka cinye.

Idan ana zancen ƙauyenmu, cewa ake mutum shida aka kashe. Bakwai ne. Na bakwai ɗin ya kai damina kafin ya faɗi. Sunansa Haladu.